Rana Ɗaya Ta Mai Kaya: Tarihin Labaran Bincike A Littafi Da Fim

Gabatarwa

Daga cikin rassan ƙagaggen labari akwai wani reshe wanda a kullum da ɓarna yake farawa. Ko dai a wayi gari a tsinci gawa, ko a fasa akwati a kwashe dukiya, ko kuwa wani ya fita bai dawo ba. Daga nan sai a kawo wani mutum guda, ɗan sandan ciki ne ko wani mai kaifin hankali, a ɗora masa aikin gano wanda ya yi, da yadda ya yi, da dalilin da ya sa ya yi. Wannan shi muke kira labarin bincike. Abin da ya raba shi da sauran labaran ɓarayi da 'yan fashi, kamar yadda manazarcin adabi Tzvetan Todorov ya nuna a 1966, shi ne labarai biyu ne ɗaya goye da ɗaya. Akwai labarin laifin, wanda ya riga ya auku aka binne shi, akwai kuma labarin binciken, wanda aikinsa shi ne tono na farkon.

Mun ga ya dace mu bi tarihin wannan reshe saboda babu inda ake gwada ƙwarewar marubuci wajen zubi da tsari kamar a cikinsa. A labarin soyayya ana iya yafe wa marubuci in ya mance da wani zare, domin daɗin kalamai ya rufe masa asiri. A labarin bincike kuwa, zare ɗaya in ya tsinke, duk saƙar ta warware.

Tun kafin a raɗa masa suna

Son gano mai laifi ta hanyar dabara daɗaɗɗen abu ne a adabin duniya. A cikin Dare Dubu Da Ɗaya akwai labarin tuffa uku, inda wani masunci ya jawo akwati daga kogin Dijla, aka buɗe aka tarar da gawar wata yarinya. Halifa Haruna Rashidi ya ba Waziri Ja'afaru kwana uku ya kawo wanda ya yi kisan, in ba haka ba a bakin ransa. To, amma in mun lura, Ja'afaru bai binciki kome ba. Gida ya koma ya zauna, sai ga mijin yarinyar ya kawo kansa. Haka kuma bawan da ya haddasa fitinar da ƙaryarsa, Ja'afaru bai gano shi ba sai da ya ji tuffa a aljihun ƙaramar 'yarsa lokacin da yake ban kwana da ita. Wato sa'a ce ta yi aikin.

Labarin da ya fi kusa da bincike shi ne wanda ake bayarwa game da Alƙali Iyasu na Basara. Wani ya yi ƙarar abokinsa cewa ya ba shi ajiyar kuɗi a gindin wata bishiya, shi kuwa ya ce bai ma san bishiyar ba. Alƙali ya tura mai ƙara ya je wurin ko zai tuna wani abu, ya ci gaba da sauraron wasu shari'o'i. Can sai ya juyo ya tambayi wanda ake ƙara ko yana jin abokinsa ya isa wurin yanzu. Mutumin ya ce ai da saura, wurin da nisa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. A ƙasar Sin kuma, wani jami'in shari'a mai suna Song Ci ya rubuta littafi a 1247 kan yadda ake duba gawa, inda ya kawo labarin wani kisa da aka yi da lauje. Aka tara laujunan ƙauyen a rana, ƙudaje suka yanyame guda ɗaya duk da an wanke shi, mai shi ya amsa laifinsa.

Duk waɗannan suna da tuhuma da dabara, amma mai sauraro ɗan kallo ne kawai. Ba a shimfiɗa masa alamu domin shi ma ya gwada basirarsa ba. Wannan sai a ƙarni na 19.

Haihuwarsa a birane

Abubuwa uku suka haɗu a Turai da Amurka a wancan ƙarni: birane suka cika da baƙi har maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba, aka kafa rundunonin 'yan sanda na zamani, sannan jaridu da mujallu masu araha suka yawaita. A Faris, wani tsohon fursuna mai suna Vidocq ya kafa sashen 'yan sandan ciki a 1812, ya kuma fitar da tarihin rayuwarsa a 1828, mutane suka yi ta rububinsa. A Landan an kafa 'yan sandan birni a 1829, aka buɗe musu sashen bincike a 1842 da mutum 8 kacal.

A cikin wannan yanayi ne wani Ba'amurke, Edgar Allan Poe, ya buga The Murders in the Rue Morgue a wata mujalla ta birnin Filadelfiya a watan Afrilu na 1841. An kashe uwa da 'yarta a wani ɗaki na saman bene a Faris, ƙofa a kulle ta ciki. Maƙwabta sun ji wata murya, amma kowa ya ce wani harshe ne dabam wanda shi ba ya ji. Tauraron labarin, Dupin, ya auna wannan saɓani da sauran alamu, ya gano cewa muryar ba ta ɗan Adam ba ce, ta goggon biri ce. A gajerun labarai uku kacal da ya rubuta kan Dupin, Poe ya kafa kusan duk turakun da ake ɗaure wa har yau: mai bincike mai baƙuwar ɗabi'a, da abokinsa mai ba da labari wanda bai kai shi basira ba, da 'yan sandan da suka kama wanda bai ji ba bai gani ba, da kuma zaman ƙarshe inda ake warware kome dalla-dalla.

Bayansa sai Émile Gaboriau a Faransa, da Wilkie Collins a Ingila suka faɗaɗa abin ya zama cikakken littafi. Littafin Collins, The Moonstone na 1868, labarin wani lu'ulu'u ne da aka kwaso daga Indiya ya ɓace a wani gidan masu hali. Dabarar da ya yi ita ce ya sa mutane daban-daban su ba da labarin bi da bi, kowa iyakar abin da ya gani, kamar shaidu a gaban alƙali.

Likitan da ya gaji da tauraronsa

Wanda ya kai wannan reshe kowane lungu na duniya shi ne Arthur Conan Doyle, wani likita da marasa lafiya ba su cika zuwa wurinsa ba. A 1887 ya fito da Sherlock Holmes a cikin A Study in Scarlet, aka saye haƙƙin littafin baki ɗaya a kan fam 25. Ya ɗauko halin Holmes ne daga malaminsa na jami'ar Edinbara, Dakta Joseph Bell, wanda kan dubi hannun majiyyaci da takalminsa da tafiyarsa ya faɗi sana'arsa da inda ya fito. Daga 1891, da mujallar Strand ta fara buga gajerun labaran Holmes, sai kasuwa ta buɗe.

Doyle dai ya fi son a san shi da littattafan tarihi, saboda haka a Disamba 1893 ya jefa Holmes cikin wani kwazazzabon ruwa a Suwizalan tare da abokin gabarsa Moriarty, don ya huta. Masu karatu ba su bar shi ya huta ba. A 1901 ya fara buga The Hound of the Baskervilles, a 1903 kuma ya dawo da Holmes da rai. A ƙarshe ya bar littattafai 4 da gajerun labarai 56. Ya kamata mu lura da wancan littafi na 1901. Mutanen yankin sun yi imani wani karen aljanu ne ke bin zuri'ar wani gida yana kashewa. Doyle ya bar tsoron ya cika littafin, amma da aka zo ƙarshe sai ga kare na gaske da wani mai kwaɗayin gado a bayansa.

A daidai wannan zamani ilmin bincike na zahiri shi ma yana bunƙasa. An buɗe ofishin tantance zanen yatsu a Kalkata ta Indiya a 1897, inda Azizul Haque da Hem Chandra Bose suka yi aikin tsara shi, sannan 'yan sandan Landan suka buɗe nasu a 1901.

Zamanin ƙa'idoji

Tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu labarin bincike ya zama kamar wasan dara tsakanin marubuci da mai karatu. Sarauniyar wannan zamani ita ce Agatha Christie, wadda ta yi aiki a ɗakin haɗa magunguna lokacin yaƙi, a nan ta san guba iri-iri da yadda kowace ke aiki. Littafinta na farko, The Mysterious Affair at Styles, ya sha ƙi a hannun masu ɗab'i kafin ya fito a 1920, shi ne kuma ya gabatar da Hercule Poirot, ɗan gudun hijira daga Beljiyam. Ta rubuta littattafan bincike 66 kafin rasuwarta a 1976. A 1926 ta jawo muhawara da The Murder of Roger Ackroyd, inda ta ɓoye mai kisan a wurin da mai karatu bai taɓa tunanin dubawa ba. Ba za mu tona ba, don kada mu ɓata wa wanda bai karanta ba. Wasu suka ce ta yi zamba, amma duk wanda ya koma ya sake karantawa yakan tarar babu inda ta yi masa ƙarya, shi ne bai lura ba.

A 1929 wani limamin Kirista kuma marubuci, Ronald Knox, ya tsara dokoki goma. Daga cikinsu akwai cewa dole mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, kada a warware matsala da tsafi ko wani abin gaibu, kada sa'a ko wani jin jiki maras dalili ya taimaki mai bincike, kuma duk alamar da ya gani dole a nuna wa mai karatu. Ba kowa ya bi su sau da ƙafa ba, amma ruhinsu guda ne, wato amana. Marubuci yana da damar ɓad da sawu, ya ja hankalin mai karatu gabas alhali gaskiya tana yamma, amma ba shi da damar ɓoye sawun gaba ɗaya.

Amurka ta fito da shi titi

Can a Amurka wasu suka ga wannan wasa ya yi tsabta da yawa. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta sayar da giya a ƙasar, abin da ya azurta gungun 'yan ta'adda ya kuma lalata 'yan sanda da 'yan siyasa da cin hanci. Dashiell Hammett, wanda ya taɓa aiki da kamfanin bincike na Pinkerton, ya fara rubuta abin da ya sani a mujallar Black Mask, ya fitar da The Maltese Falcon a 1930. Raymond Chandler kuwa sai da aka sallame shi daga wani kamfanin mai a 1932 sannan ya kama rubutu gadan-gadan, littafinsa na farko, The Big Sleep, ya fito a 1939 yana da shekara 50. Mai bincike a wurin waɗannan ba ya zama a kujera yana lissafi. Yawo yake yi a unguwanni, a doke shi, a yi masa tayin cin hanci, kuma ko ya gano gaskiya sau da yawa manyan da ke bayan laifin suna nan daram. Chester Himes ya kai wannan salo unguwar Harlem ta baƙaƙen fata daga 1957.

A Faransanci kuma Georges Simenon ɗan Beljiyam ya ɗauki hanya ta uku da Kwamishina Maigret, daga 1931, a cikin littattafai 75. Shi Maigret abin da ya dame shi ya fahimci me ya tura talaka tilis ya yi kisa, don haka yakan zauna cikin mutanen ya saurare su har gaskiya ta nuna.

Daga takarda zuwa majigi

Fim bai yi jinkirin ɗaukar wannan reshe ba. Tun a 1900 aka yi wani ɗan guntun fim na Holmes maras magana wanda bai kai minti ɗaya ba. Basil Rathbone ya fito a matsayin Holmes a fina-finai 14 daga 1939 zuwa 1946. To, amma fim yana da matsalar da littafi ba shi da ita: tunani ba ya fitowa a kyamara. Marubuci na iya ɓoye alama a tsakiyar jimla, darekta kuwa in ya nuna abu kusa ya tona shi, in bai nuna ba ya ci amana. Shi ya sa salon Amurka mai yawan motsi ya fi karɓar fim. The Maltese Falcon na John Huston a 1941, wanda shi ne karo na uku da aka mai da littafin fim, ya ɗaga Humphrey Bogart, ya kuma share hanya ga jerin fina-finai masu duhu da inuwa waɗanda Faransawa suka laƙaba wa suna baƙin fim a 1946.

Akwai wani darasi a The Big Sleep na 1946. Ana cikin aikin fim ɗin sai masu shirya shi suka kasa gane wanda ya kashe wani direba a cikin labarin, suka aika wa Chandler tangaraho suna tambaya. Shi da kansa ya faɗa a wata wasiƙa cewa da ya duba sai ya ga shi ma bai sani ba. Daɗin harshensa ya cece shi, amma ba kowane marubuci ke da irin wannan garkuwa ba.

Alfred Hitchcock ya bi ta wata hanyar. A ganinsa, in bam ya tashi ba zato, ɗan kallo zai firgita na 'yan daƙiƙoƙi, amma in an nuna masa bam ɗin a ƙarƙashin tebur tun farko, zai zauna cikin zullumi har ƙarshen zancen. A Rear Window na 1954 ya zaunar da wani mai ɗaukar hoto mai karyayyiyar ƙafa a bakin taga, daga nan ya yi duk bincikensa. Shirin talabijin na Columbo, wanda ya kankama a 1971, ya kai wannan tunani matuƙa: ana nuna mai kisan tun a farko, abin jira shi ne ta ina za a kama shi. Salon Christie ma bai mutu ba, domin an yi fim ɗin Murder on the Orient Express a 1974, aka sake yin sa a 2017.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi

Abin sha'awa a wannan tarihi shi ne yadda kowace al'umma ta karɓi reshen ta dasa shi a ƙasarta. A Japan, Hirai Taro ya ɗauki laƙabin Edogawa Ranpo, wato sunan Poe a bakin Japanawa, ya kafa nasu. A Bengal ta Indiya an sami Byomkesh Bakshi a 1932, da Feluda na Satyajit Ray a 1965, wanda Ray ya mai da shi fim a 1974. A Zanzibar, Muhammed Said Abdulla ya fitar da Mzimu wa Watu wa Kale a 1960 cikin Suwahili. Tauraronsa, Bwana Msa, yana zuƙar lofe kamar Holmes, amma gawar a wani wuri aka same ta da mutane ke tsoro saboda ruhohin magabata, kuma sanin al'adun mutanen ne ya ba shi bakin zaren. A nan Nijeriya, Oladejo Okediji ya rubuta Aja Lo Leru cikin Yarbanci a 1969, da tauraronsa Lapade, tsohon ɗan sanda.

Masu karatunmu na boko kuwa ta wasu ƙofofin suka shiga. Akwai mujallar hotuna ta African Film mai ɗauke da Lance Spearman a ƙarshen shekarun 1960, da jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan daga 1977, sai kuma James Hadley Chase, wanda littattafansa suka zaga makarantun kwana hannu da hannu. Shi Chase Bature ne ɗan Ingila, kuma littafinsa na farko na 1939 ya gina shi a Amurka ne da taimakon taswira da ƙamus na karin maganar 'yan tasha, tun bai taka ƙasar ba. Wato wanda ya kwaikwayi Chase ya kwaikwayi mai kwaikwayo. A 2014 Kunle Afolayan ya nuna ana iya yin na gida da fim ɗin October 1, inda marigayi Sadiq Daba ya fito a matsayin Sufeto Danladi Waziri, ɗan Arewa da aka tura wani gari a ƙasar Yarbawa ya gano mai kashe 'yan mata kafin ranar samun 'yancin kai a 1960.

Kammalawa

Adabinmu na Hausa bai rasa labaran laifi ba. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare duk sun shiga duniyar masu ɓarna, sun kuma nuna mana ita da idon ɗan gida. Sai dai labarin da aka gina shi kacokan a kan bin sawu bai sami rabon da soyayya ta samu a kasuwarmu ba, alhali kayan aikin suna nan jibge. Muna da masu bin sawun dabbobin da aka sace, da dillalan kasuwa waɗanda suka san kayan kowa, da 'yan kamasho a tasha, da mai unguwa, da unguwarzoma mai shiga gidan da ɗan sanda ba ya shiga, da muhutin kotu mai riƙe da takardun gado. Kowane ɗayansu zai iya zama tauraro, domin da ɗan gari akan ci gari.

Tarihin da muka bi ya bar mana sharuɗɗa kaɗan. Na farko, marubuci ya fara rubuta wa kansa labarin laifin tun daga tushe, da rana da sa'a da inda kowa yake, kafin ya rubuta shafin farko na binciken. Na biyu, ya san abin da yake magana a kai: Christie ta san guba, Hammett ya san titi, saboda haka wanda zai rubuta shari'a ya je kotu ya zauna ya saurara, ya tambayi ma'aikacin asibiti yadda ake duba gawa. Na uku shi ne mafi wuya a gare mu. In labari ya cije, akwai sauƙin a kawo boka ya duba ƙasa, ko a sa tauraro ya yi mafarki, ko mai laifi ya haukace ya tona kansa a kasuwa. Boka da jita-jitar aljanu suna iya shiga labarin, tun da suna cikin rayuwar mutanen da muke rubutawa, kamar yadda Doyle da Abdulla suka yi amfani da irinsu. Amma warwarar ta fito daga alamar da mai karatu ya riga ya gani da idonsa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya wuce batun fasaha. A wurin da ihun ɓarawo kawai ya isa a taru a kan mutum da sanduna, labarin da ke koya wa mai karatu ya dakata, ya tambayi wa ya gani, da yaushe, da kuma wa zai amfana, yana yin aikin da ya fi nishaɗi. Tun daga labarin Poe na 1841, wanda aka fara kamawa ba shi ne mai laifin ba, kuma da ba a sami mai haƙurin bin sawu ba da shi zai ɗauki hukuncin.